Mofa ba ta ɗauke maiƙo: yadda ƙwararru ke wanke tayil ɗin gidan abinci

Duk gidan abincin da ake suya a cikinsa, daɓen kicin ɗinsa yana shan mai kullum, ko an zubar ko ba a zubar ba. Idan mai ya ɗau zafi a kasko, wani kaso nasa yakan bi tururi da hayaƙi ya tashi, ya yi yawo a iska, sannan ya sauka a bango da ƙasa. Ga wanda ke fantsama idan an jefa kaza ko doya, ga romon da ke ɗiga daga ludayi, ga garin fulawa da ƙwayar shinkafa. Ma'aikata su tattake duka, su kwasa a takalmi har zuwa inda baƙi ke zama. Da dare a ce wa yaro ya ɗauko bokiti da mofa da garin sabulu ya goge. Gari na wayewa ƙasa tana ƙyalli, amma takalmi yana mannewa a wani wuri yana zamewa a wani, layukan simintin da ke tsakanin tayil kuwa, waɗanda farare ne ranar buɗe gida, sun koma baƙi ƙirin.

Mai gida yakan ɗora laifin a kan yaron. Galibi ba laifinsa ba ne, kayan aikin da aka ba shi ne ba za su iya ba. Tsomawa biyu ko uku kawai mofa za ta yi, ruwan bokitin ya zama ruwan maiƙo. Daga nan duk shafawar da ta yi, maiƙon gaban murhu take ɗebowa ta shimfiɗa shi siriri a ko'ina. Ruwan ya bushe, man ya zauna. Gobe a ƙara wani a kai. Shi ya sa kamfanonin da suka ƙware a wannan sana'a ba sa ƙirga aiki ya kammala sai ruwan dattin ya bar ƙasa gaba ɗaya, ko an ja shi zuwa magudana ko inji ya zuƙe shi. Duk tsadar injinansu da sinadaransu, a kan wannan abu guda suke hidima: a narkar da maiƙon, sannan a ɗauke shi kafin ya sake zama.

Daɓen tayil abu biyu ne masu hali daban. Shi tayil ɗin gasasshen yumɓu ne. Nau'in da ake kira fosilin ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba, don haka datti a samansa kawai yake tsayawa. Jan tayil marar ƙyalli da aka saba gani a manyan kicin na Amurka da Turai ya fi shan ruwa kaɗan, amma yana da kaushi, yana jure zafi da nauyi. Simintin da ake cike tsakani da shi, wanda a wajenmu galibi farin siminti ne, shi ne mai rauni. Cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma yana ɗan ƙasa da fuskar tayil, saboda haka duk ruwan dattin da mofa ta turo a nan yake kwanciya. Mofa kuma ta samansa take wucewa, ba ta taɓa cikinsa. Warin da ke tarbar mutum a wasu kicin da sassafe, kafin a kunna wuta, yawanci daga waɗannan layukan da bakin magudana yake fitowa, kuma shi ke gayyato kyankyaso da ƙuda.

Akwai kuma abin da ke faruwa da mai idan ya daɗe. Man gyaɗa ko man waken suya da ya kwana ya wuni a fili, iska da zafi suna canza shi, ya yi danƙo, daga baya ya bushe ya zama wani siririn ɓawo mai tauri. Irinsa ne kuke gani a bayan tsohon kaskon tuya, wanda ruwa da sabulu ba sa ko girgiza shi. Idan ya lulluɓe tayil sai ya cike kaushin da aka yi don ya riƙe takalmi. A bushe ba za a gane ba, amma ruwa kaɗan ya zuba a kai, wurin ya zama tarko. A kicin kuwa wanda ya zame ba hannu rabbana yake faɗuwa ba, tukunyar miya ko wuƙa yake riƙe da ita.

A shekarar 1959 wani masanin sinadarai Bajamushe mai suna Herbert Sinner, ma'aikacin kamfanin Henkel, ya tsara bayanin da har yau ake koya wa masu wannan sana'a. Ya ce kowane wanki ya dogara ne a kan abu huɗu: sinadari, zafi, gurza, da lokaci. Idan an rage ɗaya, dole a ƙara sauran. Wanda ba shi da ruwan zafi sai ya ƙara lokacin jiƙawa da ƙarfin buroshi. Wanda ke sauri sai ya nemi inji. Gugar mofa da ruwan sanyi cikin minti biyar ta gaza a duka huɗun lokaci guda.

Sinadarin da ke cin maiƙo dangin soda da kanwa ne. Masana suna auna kaifin ruwa da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14. Ruwa tsantsa yana kan 7, asid yana ƙasa da haka, dangin soda suna sama, kuma kowane mataki ya ninka na kusa da shi sau goma. Ruwan cire maiƙo da ake sayarwa don kicin yakan kama daga 10 zuwa 13. Matan da ke haɗa sabulu a gida sun san sirrin: idan soda ta haɗu da mai, sabulu ake samu, shi kuwa sabulu yana bin ruwa. Haka sinadarin ke yi wa wani kaso na maiƙon da ke ƙasa, sauran kuma ya farfasa shi ƙanana ya riƙe a cikin ruwa har a kwashe. Sai dai a bi awon da aka rubuta a jikin jarka. Masu cewa a ƙara don ya fi ci suna jawo wa kansu aiki, domin abin da ya yi yawa ba ya ɗaurayuwa, yakan bar wani fim mai santsi da ke kama sabon datti. Garin sabulun wanki ma matsalarsa ke nan: kumfa ya yi yawa, ɗauraya ta yi wuya. Zuba soda tsagwaronta a ƙasa kuwa ganganci ne, tana ƙona fata, tana makantarwa, tana cin tukwanen alminiyom da ƙafafun tebur.

Zafi yana da muhimmanci a wajenmu fiye da yadda ake zato, saboda irin man da muke girki da shi. Manja da kitsen shanu da man shanu duk daskarewa suke yi idan sun huce. A watan Janairu, a Kano ko Jos, ruwan tanki da asuba ba abin da zai yi wa kitse sai ƙara masa tauri. Ruwa mai zafin digiri 50 zuwa 60 a ma'aunin Salsiyos ya isa ya narkar da shi, ya kuma ƙara wa sinadarin kuzari. Gidan abinci ba ya rasa wuta. Babbar tukunya ɗaya ta ruwa a kan murhu kafin a tashi aiki ta wadatar da ƙaramin kicin.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna, wato asid. Masu sa tayil sun saba wanke sabon gini da asid don cire ragowar siminti, daga nan mutane suka ɗauka shi ne maganin duk wani tayil da ya yi baƙi. Wasu har ruwan wanke masai irin Harpic suke tsiyayawa a layukan. Nan take za a ga kumfa, layi ya yi fari, mai gida ya yi murna. Wannan kumfar simintin ne ke narkewa. Asid ba ya cin mai, siminti yake ci, farin da aka gani kuwa sabon ciki ne da ya bayyana bayan an cinye na sama. A maimaita haka sau da yawa, layin ya zurfafa ya zama kwari, ruwa ya samu hanyar shiga ƙarƙashin tayil, tayil ya fara yin ƙara idan an taka, daga nan sai fashewa. Asid yana da ranarsa: farin ɓawon da ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri ke bari, ko tsatsa, ko farin garin da ke tsattsafowa daga siminti. Ko a nan ma ƙwararru sai sun fara cire maiƙon da sinadarin soda, sun ɗauraye, sun jiƙa layukan da ruwa don kada su sha asid ɗin sosai, sannan su sa mai sauƙi na ɗan lokaci su wanke. Idan daɓen mabul ne ko tarazo, kamar yadda ake samu a zauren wasu otal-otal, asid ba ya kusantarsa sam, ko ruwan lemon tsami yana bar masa tabo.

Bilic, irin su Hypo da Jik, shi ma an ba shi aikin da ba nasa ba. Yana kashe ƙwayoyin cuta, yana kuma faranta launi, amma ba ya ɗauke maiƙo, kuma datti yana kashe masa ƙarfi. Wurinsa bayan wanki ne, a kan ƙasa mai tsabta, da ruwan da ba mai zafi ba. Abin da ya wajaba kowane ma'aikacin kicin ya haddace shi ne kada a taɓa haɗa bilic da asid ko ruwan wanke masai. Haɗin yana fitar da iskar kulorin, wadda ke ƙona huhu, kuma a rufaffen kicin tana iya kisa. Haɗa shi da sinadari mai amoniya ma guba yake fitarwa.

Wankin kullum, idan za a yi shi yadda ya kamata, ba ya buƙatar inji. A rufe abinci ko a kawar da shi, a ɗaga tabarmin roba a fitar waje. A share busasshen datti tukuna, a kankare abin da ya manne, domin shinkafa da gari idan sun jiƙe kunu suke zama. Sai a kwarara ruwan zafi mai sinadari, a jiƙa ƙasa sosai, a bar shi minti biyar zuwa goma ba tare da ya bushe ba. Wannan jiran shi ne matakin da kowa ke tsallakewa, ga shi kuma kyauta ne. Bayan nan a gurza da buroshi mai tauri mai doguwar sanda, ana bin layukan a tsaye da a kwance, a dage a gaban murhu da wurin wanke-wanke. Sai a ja ruwan da robar jan ruwa zuwa magudana, a ɗauraye da ruwa mai kyau, a sake ja. Idan za a sa mofa, a ƙarshe ne, busasshiya kuma wankakkiya, don tsane abin da ya rage. Ta kicin daban, ta zaure daban, ta banɗaki daban. A Birtaniya launi suke sa musu, ja na banɗaki, kore na wurin abinci, don ko sabon ma'aikaci kada ya rikice.

Sai injina. Mafi sauƙi kuma mafi amfani, a ganina, shi ne injin zuƙe ruwa. Kicin da yawa a garuruwanmu shago ne ko ɗaki aka mayar, ba magudana a ƙasa, ko kuma akwai ta amma ba a karkata daɓen wajenta ba. Daidai shi ne gangaren santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita. Inda babu wannan, injin zuƙa ne kaɗai zai fitar da ruwan da ya kwanta cikin layuka. Mai ƙaramin jari da zai sayi inji ɗaya tak, wannan ya kamata ya saya.

Na biyu shi ne injin gurza mai faifai ɗaya, wanda ke juyawa kamar sau 175 a minti. Nauyinsa ne ke yin aikin. A kan tayil buroshi ake ɗaura masa, ba soso mai faɗi ba, saboda soson ta saman layuka yake bi kamar mofa. Akwai kuma wanda buroshinsa dogo ne kamar muciya a kwance, guda biyu suna juyawa suna fuskantar juna. Wannan ya fi shiga cikin layi da kaushin tayil. Manyan wurare, irin zauren cin abinci na otal ko na kanti, suna amfani da injin da ke haɗa aiki uku a tafiya ɗaya: ya zuba ruwa, ya gurza, ya zuƙe ta baya, ƙasa ta bushe cikin mintuna. Yana da kyau a fili, amma a matsattsen kicin mai cike da ƙafafun tebur da bututun gas ba ya iya juyawa, dole a koma ga buroshin hannu a lunguna.

Abin da kamfanonin wanki ke taƙama da shi wani faifai ne mai murfi, kamar an kifa babban faranti a ƙasa. A cikinsa akwai sanda mai bakin feshi biyu da ke juyawa da ƙarfin ruwa, tana watsa ruwan zafi a kan tayil, yayin da bututun zuƙa ke kwashe ruwan nan take kafin ya fita daga ƙarƙashin murfin. A Amurka injin da ke ba shi zafi da ƙarfi galibi a cikin mota yake a waje, dogayen tiyo ne kawai ke shiga kicin. Ƙarfin ruwan da ake sawa a tayil yakan kasance tsakanin 800 zuwa 1,200 a ma'aunin matsin ruwa na psi, a rage idan simintin ya tsufa. Ko wannan injin ma ba ya aiki shi kaɗai: sai an fesa sinadari, an jira, an gurza, sannan a bi da shi a matsayin ɗauraya. Duk wanda ya zo ya kunna inji kai tsaye ba jiƙawa, rabin aiki zai yi muku. Injin tururi kuma yana da kyau a kusurwa, da gindin bango, da ƙarƙashin abin suya, amma yana da jinkiri, kuma abin da ya narkar sai an bi an goge, in ba haka ba ya sake daskarewa a inda yake.

Wani zai ce, to me zai hana a kira masu wankin mota da injin feshinsu? Abu uku. Ƙarfinsa yana iya fasa simintin layi ya tura ruwa ƙarƙashin tayil. Ruwan yana shiga soket da injinan firji. Na ukun ya fi muni: feshi a buɗe yana tayar da dattin ƙasa ya zama raɓa a iska, ta sauka a kan tebur da tukwane da katakon yanka. Magudanar kicin matattara ce ta ƙwayoyin cuta, ciki har da Listeriya, wadda ke iya hayayyafa ko a sanyin firji, kuma tana da haɗari ƙwarai ga masu juna biyu. Don haka ba a fesa wa magudana ruwa mai ƙarfi. A cire murfinta da ragar, a wanke da buroshin da ba a amfani da shi a ko'ina sai nan, kuma a yi hakan lokacin da babu abinci a buɗe.

Ruwan da aka kwashe ma sai an san inda za a kai shi. Mai da ya shiga bututu yana hucewa ya daskare, ya kama duk tarkacen da ya biyo. A shekarar 2017 ma'aikatan ruwa a Landan sun tarar da wani dunƙulen kitse da tsummoki a magudanar unguwar Whitechapel, tsawonsa mita 250, nauyinsa kimanin tan 130. Namu ba ya kai haka, amma duk wanda ya wuce ta bayan layin masu abinci da damina ya ga kwatar da maiƙo ya toshe. Maganin shi ne akwatin tare maiƙo tsakanin kicin da kwata, inda ruwa ke lafawa, mai ya taso sama a kwashe. Shi ma in ba a kwashewa a kai a kai, ba shi da amfani.

Bayan babban wanki ne ake ganin gaskiyar daɓe. Layin da ya zaizaye ko ya tsage, wanki ba ya gyara shi, sai an kankare an sake cikewa. Shi kansa maiƙon yana cin siminti a hankali, domin idan mai ya lalace yana sakin wani asid mai rauni. A Amurka an ga haka ƙarara da aka fara yayin wani ruwan wanki mai sinadaran narkar da kitse wanda ake bari a ƙasa ya kwana ba ɗauraya: ya rage santsi, amma a kicin da yawa ya cinye simintin layuka. Shi ya sa yanzu ake ba da shawarar cike layin kicin da ifoksi, wani haɗin roba mai tauri da ba ya shan ruwa ko mai. Ya fi tsada, yana kuma son gwanin mai sawa saboda saurin kamawarsa, amma gidan da zai shekara goma yana suya zai mayar da kuɗinsa. Wanda ya tsaya a kan siminti, ya shafa masa ruwan toshe ƙofofi, irin mai shiga ciki, ba mai yin fim a sama ba, kuma sai layin ya bushe sarai. A gaban murhu wannan kariya ba ta daɗewa, sai an riƙa sabuntawa. Gwajinta mai sauƙi ne: a ɗiga ruwa a layi, in ya tsaya dunƙule tana nan, in ya nutse layin ya yi duhu ta ƙare.

Wani abin kuma tun ranar sayen tayil ake kuskure shi. Mai ƙyalli irin na falo ba na kicin ba ne, ko da an wanke shi sau uku a rana. Jamusawa suna gwada tayil ta hanyar shafa masa mai a kan allon da ake karkatawa, mutum yana tafiya a kai har ya fara zamewa, sai a ba shi daraja daga R9 zuwa R13. Kicin na kasuwanci R11 ko R12 ake nema masa, R13 kuwa na irin mayanka ne. Wasu kwalayen tayil da ake shigowa da su suna ɗauke da wannan lamba, ku duba. Sai dai ku sani, gwargwadon kaushin tayil gwargwadon yadda yake riƙe datti, kuma irin wannan yaga mofa yake yi. Wanda ya saye shi ya sayi buroshi tare.

Sau nawa za a kira ƙwararru ya danganta da yawan suya. Mai tuyar kaji da dankali daga safe zuwa dare zai iya buƙata duk wata, mai tuwo da miya kuwa wata uku ma ya yi, muddin wankin kullum yana tafiya daidai. Kafin ku ba kowa aikin, ku tambaye shi wane sinadari zai sa, ku ga jarkar da idonku. Ku tambaya ko zai janye firji da abin suya ya wanke ƙarƙashinsu, da inda zai zubar da ruwan, da ko janaretanku zai ɗauki injinsa. Ku sa ya gwada a ɗan lungu tukuna. Ma'aikatansa su zo da safar hannu da takalmin roba da tabarau, a buɗe tagogi, a kashe wutar soket ɗin da ke kusa da ƙasa. Idan ya ce ya gama, ku jira ƙasa ta bushe, ku jiƙa farin ƙyalle ku goga a layi uku ko huɗu, ɗaya a gaban murhu, ɗaya a ƙarƙashin tebur. In ƙyallen ya fito da launin ruwan ƙasa ko yana maiƙo a hannu, a sake jiƙawa a gurza kafin ku biya.